Iya Ruwa Fid da Kai: Dattijo da Tuƙin Kayak

 

An ce in yi magana kan motsa jikin da ya dace da wanda ya ba shekara 60 baya. Na san abin da ake sa ran ji: tattaki bayan sallar asuba, rage gishiri, rage tuwon dare. Duk gaskiya ne, kuma kun sha jin su. Sai na ga gara in ɗauko wani abu da ya fara shigo mana ta hannun 'ya'ya da jikoki, wato tuƙin ƙaramin jirgin ruwan nan da ake kira kayak. Ana ba da hayarsa a tafkin Jabi da ke Abuja, a Legas ma haka. Da yawa a cikinku kuma kukan kai wa 'ya'ya ziyara a Ingila ko Kanada ko Amurka, inda da zafi ya shigo za a ce, "Baba, zo mu je tafki." Wasu sukan ƙi saboda tsoro. Wasu sukan shiga don kada jika ya yi musu dariya. Duka biyun ina da magana da su.

Wanda ya san Yawuri ko Argungu ya san kwalekwale: buɗe yake, yana ɗaukar mutane da kaya, matuƙin yana can baya da filafili mai baki ɗaya ko da gwangwala. Kayak ba haka yake ba. Siriri ne, na mutum ɗaya ko biyu, a ƙasansa ake zama a miƙe ƙafafu, filafilinsa kuma baki biyu gare shi, a tsoma dama a tsoma hagu. Asalinsa jirgin farauta ne na mutanen can ƙuryar arewacin duniya, Inuwit da Yufik da Aliyut, daga Girinlan har Alaska. Da itacen da teku ya turo gaɓa ko ƙashin kifin nan babba suke haɗa gangar jikinsa, mata su ɗinka masa fatar dabbar teku. Abin da nake so ku riƙe daga wajensu shi ne, kowane maharbi da jikinsa ake auna jirginsa: tsawon ya kai kamar gaba uku na mai shi, faɗin kuma ƙugunsa da ƙarin dunƙulen hannu biyu. Ba su ɗauki jirgi a matsayin abin da za a ara daga maƙwabci a faɗa ciki ba.

Wani lauya ɗan Birtaniya, John MacGregor, shi ya mayar da shi abin yawon shaƙatawa a Turai. A 1865 ya sa aka ƙera masa irinsa, ya bi koguna da tafkunan Turai da shi, ya rubuta littafi a kai, mutane suka yi ta kwaikwayo. A 1936 aka shigar da tserensa cikin wasannin Olamfik a Balin. Amma abin da ya kai shi hannun talaka shi ne fara ƙera shi da roba a shekarun 1970, domin ya yi araha, kuma ko ya bugi dutse ba ya fashewa.

Ga dattijo, amfaninsa a fili yake. A zaune ake yinsa, don haka gwiwa da idon sawu ba sa ɗaukar nauyin jiki kamar a gudu ko ƙwallo. Yana motsa zuciya da huhu, yana ƙarfafa baya da ciki da kafaɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda ya kai 65 ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, tare da abin da ke ƙarfafa tsoka da daidaita tsayuwa. Tuƙi a ruwa mai natsuwa yana biyan kaso mai kyau na wannan. Kuma mutumin da ya yi shekara 35 tsakanin ofis da mota, ya samu kansa a tsakiyar tafki da hantsi ba hon ba waya, zai ji wani abu ya sauka daga kansa. Ban raina wannan ba.

Shekaru kuwa ba su hana. Akwai wani injiniya ɗan ƙasar Folan, Aleksander Doba, wanda bai fara tuƙin kayak ba sai da ya haura 30. A watan Oktoban 2010, yana da shekara 64, ya tashi daga Dakar shi kaɗai, ya yi kwana 99 a tekun Atlantika, ya sauka a Birazil. Ya sake ƙetarewa daga Lisbon zuwa Fulorida tsakanin 2013 da 2014. A 2017 ya yi na uku, daga Amurka zuwa Faransa, kwana 110, ya isa saura 'yan kwanaki ya cika 71. Da ajalinsa ya zo a watan Fabrairun 2021, ba a ruwa ya same shi ba, a ƙololuwar dutsen Kilimanjaro ya rasu, yana da 74.

Masu son zuga dattawa sukan tsaya a nan. Ni ba zan tsaya ba, domin rabin labarin ke nan. Doba ya yi shekara 30 yana tuƙi kafin ya taɓa Atlantika, ya zagaye tekun Baltik, ya zagaye tafkin Baikal, jirginsa kuma mai tsawon mita 7 an ƙera shi ne musamman yadda ko ya kife zai miƙe da kansa. Ga wasu dattawa biyu kuma. Douglas Tompkins, wanda ya kafa kamfanin The North Face, gogagge ne a ruwa da duwatsu. A watan Disamban 2015, yana da shekara 72, iska ta taso musu a tafkin Janar Karera da ke kudancin Chile, jirgin ya kife, ya daɗe a ruwan da sanyinsa ya kai wajen digiri 4. An fito da shi, amma sanyin ya riga ya gama da shi, ya cika a asibiti. William Colby kuwa, tsohon shugaban hukumar leƙen asirin Amurka, ya fita shi kaɗai da yamma a ƙaramin jirginsa a jihar Merilan a watan Afrilun 1996, yana da 76. Sai bayan fiye da mako guda aka ga gawarsa, babu rigar ceto a jikinsa. Likitocin da suka duba sun ce mai yiwuwa ciwon zuciya ko shanyewar jiki ne ya kama shi ya faɗa ruwa.

Waɗannan ba jahilan ruwa ba ne. Abin da ya ci su ya faru ne bayan sun rabu da jirgi. Hausawa sun riga sun faɗa, iya ruwa fid da kai. Saurayi in ya kife, ƙarfi yakan fid da shi ko da ya yi wauta. Dattijo ba shi da wannan rarar. Tun daga wajen shekara 30 tsoka take fara raguwa, bayan 60 raguwar ta ƙara sauri. Saboda haka tambayar da nake so kowane dattijo ya yi wa kansa a bakin ruwa ita ce: in na faɗa, me zai biyo baya? Duk sauran abin da zan faɗa yau daga wannan tambaya ya fito.

Mu fara da sanyi, domin shi ne ke yaudarar masu zuwa ziyara Turai da Kanada. Rana ta fito, kowa na yawo da singileti, sai ka ɗauka ruwan ma ya yi ɗumi. Bai yi ba. Matsakaicin sanyin teku a kewayen Birtaniya wajen digiri 12 ne, kuma duk abin da ya gaza 15 masu aikin ceto na can suna lissafa shi a ruwan sanyi mai haɗari. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba ya taƙaita abin da ke faruwa da lambobi uku: 1, 10, 1. A minti 1 na farko numfashi ne ke ƙwacewa. Mutum na faɗawa zai ja iska da ƙarfi ba da son ransa ba, in kansa na ƙarƙashi a lokacin, ruwa ya shaƙa ke nan. Jijiyoyin jini su tsuke, jini ya hau, zuciya ta shiga bugu, wanda ga mai ciwon zuciya wannan kaɗai ya isa. In ya tsallake, yana da kamar minti 10 kafin yatsu da hannuwa su daina yi masa biyayya. Sannan kamar awa 1 kafin sanyi ya gusar da hankalinsa. Amma wannan awa ɗin na wanda wani abu ke riƙe da shi a saman ruwa ne. Wanda ba shi da rigar ceto, da hannuwa sun mutu, ya tafi. Don haka in an gayyace ka ruwa a ƙasar sanyi, tambayi ɗumin ruwan, kada ka dubi sama. Akwai tufafin roba da ake sawa don irin wannan ruwa. In ba a tanadar maka ba, ka ce a bari sai wani jiƙon.

Sai rigar ceto. Rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka tana fitar da alƙaluma duk shekara, kuma kusan kullum abu guda suke nunawa: a cikin waɗanda suka nutse a haɗarin jiragen shaƙatawa, fiye da kashi 80 cikin 100 ba su sa rigar ba. Mu ma ba sai an ba mu labari ba. Ba mu manta da Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, inda jirgi ya kife aka rasa rayuka kusan 30, yawancinsu ɗalibai 'yan Islamiyya. Allah ya jiƙansu.

Na zo da rigar ceto ɗaya, ga ta. Ku duba cikin wuyanta, akwai lamba. Wadda aka rubuta wa 50N, ta wanda ya iya iyo ce, a ruwa mai natsuwa kusa da gaɓa. Tana taimaka maka ka yi sama, amma in ka suma ba za ta juyo da fuskarka ba. Mai 150N an yi ta ne don ta juyar da wanda ya suma ya kalli sama. Akwai kuma siririya da ake hura wa iska ta hanyar fizgar wata igiya. Tana da daɗin sawa, amma ban ba dattijon da bai iya iyo ba shawarar ta, domin tana bukatar ka tuna da igiyar a lokacin da ba ka tuna sunanka. Bayan ka sa, ka ja zip, ka ɗaure maɗauran tun daga na ƙugu zuwa sama. Sai ka ce wa na kusa da kai ya kama kafaɗun rigar ya ɗaga. In ta taso ta taɓa kunnuwanka, ta yi maka yawa ko ba ta ɗauru ba, kuma haka za ta taso a ruwa ta bar ka a ƙasa. Mai tumbi ya fi kowa bukatar wannan gwaji. Rigar da aka ajiye a bayan kujera kuwa, ko aka zauna a kanta don laushi, daidai take da wadda aka bari a gida.

A nan zan roƙi arziki, iyayena. Babbar riga da zani mai faɗi da dogon hijabi suturar mutunci ce a tudu, amma a ruwa suna naɗe ƙafa da hannu, kuma in sun jiƙe nauyinsu kan hana mutum hawowa jirgi. Ana samun wando da riga masu dogon hannu marasa nauyi, da ƙaramin hijabi da ake cusa bakinsa cikin riga. Sutura ta cika, jiki kuma ya samu sakewa.

Jirgin kansa iri biyu ne a wurin haya. Akwai wanda ake zura ƙafafu a cikinsa, akwai wanda ake zama a kansa, ba rami. Ga dattijo mai koyo, a ruwa mai ɗumi irin namu, na biyun nake zaɓa ba tare da wata-wata ba. Ya fi faɗi, yawanci santimita 75 zuwa sama, ruwan da ya shiga yana fita ta ƙananan ƙofofi a ƙasansa, kuma in ya kife ba ka maƙale a ciki ba. Aibinsa nauyi, domin yakan haura kilo 25. Kada ka ɗauka kai kaɗai. Da yawa sun samu ciwon baya ne tsakanin mota da bakin ruwa, tun ba su taɓa filafili ba. A kama da mutum biyu ko a ɗora a ɗan keken ja.

Shiga da fita ne wurin da dattijo ya fi faɗuwa. Ga awo mai sauƙi: in kana iya tasowa daga zaman tahiya ba tare da dafa bango ba, za ka iya da yawancin jirage. In a kujera kake salla, nemi jirgi mai kujera mai ɗan tudu, kuma wani ya riƙe maka shi. Ka tura jirgin cikin ruwa iya ƙwauri, ka juya masa baya, ka fara ajiye mazaunai a kujera, sannan ka ɗauko ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Kada ka taka cikinsa a tsaye. Wajen fitowa, ka sauko da ƙafafun duka gefe guda, ka ɗan jira. Bayan dogon zama ƙafa takan yi sanyi, kuma masu shan maganin hawan jini jiri kan ɗebe su in sun miƙe farat ɗaya.

Yanzu ga abin da kusan ba wanda ke yi, alhali shi ne ya fi komai. A rana ta farko, a ruwan da bai wuce ƙirji ba, da mai koyarwa a tsaye kusa, ka faɗa da gangan. Ka juyo da jirgin, ka kama gefensa daidai kujera, ka bar ƙafafunka su taso baya har ka kwanta a saman ruwa, sai ka harba ƙafa ka ja cikinka ya hau kan jirgin, ka mirgina ka zauna. A faɗe abu ne mai sauƙi. A aikace za ka ga ƙato ya yi sau uku ya kasa, yana haki. Akwai maɗauri da ake rataya wa jirgi a sa ƙafa a taka, yana taimakawa ƙwarai. In ka gwada duk ka kasa, babu abin kunya, ka dai san iyakarka ke nan: ba za ka yi nisan da ba za ka iya jan jirgin zuwa gaɓa ba, kuma ba za ka fita ba tare da wanda zai iya ɗago ka ba. In kuwa ka faɗa a tsakiya, kada ka saki jirgin ka ce za ka yi iyo. Gaɓa takan yi kusa a ido, kuma mai nema ya fi saurin hango jirgi a kan kan mutum.

Kan tuƙin kansa ba zan daɗe ba, wannan aikin mai koyarwa ne a bakin ruwa. Abu biyu kawai. Na farko, ba da damtse ake tuƙi ba, da gangar jiki ne: ka taka matakin ƙafa, ka juya ƙirji da ƙugu, hannuwa su tsaya a gaban ƙirji. Hannun da ya wuce bayan kafaɗa shi ke jawo gocewar ƙashi da yagewar jijiya, ciwon da ga mai shekara 65 kan ɗauki watanni. Na biyu, in za ka kashe kuɗi, kashe su a filafili mara nauyi. Ko sau 40 kake tsomawa a minti, sau 2,400 ke nan a awa, kuma kowane ƙarin nauyi wuyan hannu ne zai biya. Ka sassauta riƙo. Masu amosanin gaɓɓai da yawa sun fi jin daɗin siririn filafilin katako irin na mutanen Girinlan, domin ba ya kama ruwa da ƙarfi lokaci guda. In ƙafa na yi maka sanyi, naɗe tawul ka sa a ƙarƙashin cinya. Minti 30 ya isa a fita ta farko.

Kafin duk wannan, a ga likita, musamman mai ciwon zuciya, mai hawan jini, mai farfaɗiya, da wanda aka yi wa aikin ƙugu ko kafaɗa. Mai ciwon suga ya sa dabino a aljihun rigar ceto, ba a cikin jaka a bayan jirgi ba. Haka waya, a sa ta a jakar da ruwa ba ya shiga, a rataya a jiki, tare da usur. Mai shan maganin da ke sa yawan fitsari ya sani zafin rana a kan ruwa ta fuska biyu yake zuwa, daga sama da kuma wanda ruwa ke maidowa, ga shi tsufa na rage jin ƙishirwa. Ka sha ruwa ko ba ka ji ƙishi ba. A bazara, daga hantsi ya ɗaga a fito, sai kuma bayan la'asar, a dawo kafin magariba. Da azumi a baki ban ga dalilin shiga ba.

Iska ita ce babbar abokiyar gabar ƙaramin jirgi. Ka fara tafiya kana fuskantarta, domin ta turo ka gida lokacin da ka gaji. Wadda ta fi sharri ita ce mai busowa daga gaɓa zuwa tsakiya, saboda a bakin ruwa komai lumui, sai ka yi nisa ka ga komawa ta gagara. Da ka ga farin kumfa a kan igiyar ruwa, ranar ba taka ba ce. Da damina kuma kun san yadda hadari ke haɗuwa daga gabas cikin ɗan lokaci, iska ta riga ruwan sama isowa. Da jin cida, a nufi gaɓa.

Ruwanmu na gida bai da sanyin Kanada, amma yana da nasa. Akwai cutar tsargiya, mai sa fitsarin jini, wadda ƙwayarta ke fitowa daga ƙananan dodon koɗi a ruwan da ba ya gudu sosai, ta huda fata ta shiga. Madatsun ruwa da tafkunanmu da yawa suna da ita. Ka rage daɗewa a tsaye cikin ciyayin bakin ruwa, kuma in ka saba shiga, ka je a gwada ka, domin maganinta na nan kuma ba shi da tsada. Akwai dorina a kogin Kwara, a yankin Yawuri da can Ayoru a Nijar, kuma ba ta wasa da ƙaramin jirgi, balle mai ɗa. A Tiga ko Kainji ko kowace madatsa, kada a kusanci bango da wurin da ruwa ke zuba, domin a ƙasan mazubar ruwa yakan yi ta juyawa ya riƙe abin da ya faɗa, ko da riga a jikinsa. Duk ruwan da ba ka sani ba, ka fara gai da Sarkin Ruwa ko masuntan wurin. Sarkawa sun san inda kada yake kwana da sa'ar da iska ke juyawa, abin da babu taswirar da za ta gaya maka. Kuma ka bar saƙo a gida: ga inda na tafi, ga wanda muke tare, ga lokacin da za a neme ni in ba a gan ni ba.

Roƙona ga 'ya'yanmu da ke nan: in za ku kai mahaifi ko mahaifiya ruwa, ku sayi rigar da ta yi musu daidai tun daga gida, ku biya mai koyarwa na awa ɗaya, ku bar ɗaukar hoto sai an koyi hawowa. Masu ba da haya kuma su tanadi riguna manya da ƙanana, su daina miƙa wa kowa guda ɗaya mai tsinkakken maɗauri. Ku kuma, Alhaji, Hajiya, in aka kai ku bakin ruwa aka ce babu rigar da ta yi muku, ku nemi inuwa ku zauna, a dawo wata rana.